Tukurwa Ba Ta Haihuwa Sau Biyu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, muna roƙon fili a shafin wasiƙu mu yi magana a kan wata bishiya da kowa ke mora amma ba mai shuka ta. Duk damina ana gangamin dashen itatuwa, a raba darbejiya da turare da mangwaro, amma da wuya ka ga tukurwa cikin kayan rabo. Alhali gwangwalar da ake haɗa tsani da gado da rumfar kasuwa da ita, a jikin tukurwa ake yanko ta.

Tukurwa 'yar uwar dabino ce da giginya da kwakwar manja. Masana tsirrai na kiran danginta Raphia, nau'insu ya kai wajen 20, kusan duka a Afirka. Biyu ne suka fi shafar mu. Akwai Raphia hookeri ta dazuzzukan fadamar kudu, musamman yankin Neja Delta, mai gangar jiki da kan kai mita 10 da ganye mai tsawon mita 12. Akwai kuma Raphia sudanica, wadda Bafaranshen nan Auguste Chevalier ya bayyana a 1908, mai gajeren jiki da ƙaya a ganye. Ita ce ake yawan gani a kurmin bakin rafi a ƙasar Nufe da kudancin Kaduna da Nasarawa. Wata 'yar uwarsu ta dajin Kwango, Raphia regalis, ita ke da ganye mafi tsawo a duk tsirran duniya, an auna wanda ya kai mita 25.

Mazauninta laka ce mai ruwan daɗi da ba ta bushewa ko da bazara: idon ruwa, gindin ƙorama, fadamar da ƙafa ke nutsewa. Irin wannan taɓo ba iska a cikinsa, shi ya sa yawancin itatuwa ke ruɓewa daga saiwa in an dasa su a nan. Tukurwa kuwa tana turo wasu siraran saiwoyi sama, su leƙo bisa laka suna shaƙar iska. Wanda bai sani ba sai ya ɗauke su ciyawa, ya bi su da fartanya ko ya sake musu shanu su tattake. Hancin bishiyar ya toshe ke nan.

Ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Dabino da giginya suna 'ya'ya shekara bayan shekara. Gangar tukurwa sau ɗaya take fure a rayuwarta. Takan yi shekaru tana tara abinci a cikinta, sannan sababbin ganyen ƙoƙuwa su fara fitowa gajeru-gajeru, alamar lokaci ya yi. Sai nono ya ɓullo ya rataya, tsawonsa kan wuce mita 2, furen namiji a ƙarshen reshe, na mace a gindinsa, duk a uwa ɗaya. 'Ya'yan ba sa nuna a damina guda, sukan haura shekara, wani lokaci fiye da biyu. Da sun zube, uwar ta bushe a tsaye. Wasu nau'o'in kan yi toho daga gindi kamar ayaba, amma hookeri galibi ƙwaya ɗaya take tsayawa, don haka in ba ta bar iri ba ta tafi ke nan.

To, a daidai wannan gaɓa ake yi mata yankan ƙauna. Masu ɗibar bammi gajerun ganyen nan suke jira, su huda ƙoƙuwa su tatse ruwan da zai zama 'ya'ya, bishiyar ta mutu ba magaji. Masu gwangwala kuma, da sun ga uwa ta ɗauki nono, sai su ce ai mutuwa za ta yi, su aske ta tas. Ganyen da suka kwashe kuwa shi ne zai ciyar da 'ya'yan har su nuna. Kurmi zai yi ta kyan gani wasu shekaru, manya na tsaye, ba wanda ya lura babu ƙanana a ƙasa. Ranar da manyan suka ƙare sai a ce ƙasa ce ta gaji.

Yankan gwangwala ba laifi ba ne in an bi ƙa'ida. A ɗauki ganyen ƙasa da suka ƙosa suka fara sunkuyawa, a bar aƙalla kashi 2 cikin 3 na korayen. A yanka da adda mai kaifi, a bar ɗan kututture kamar taƙi guda, kada a ji wa gangar rauni. Rauni na kiran wani ƙwaro mai dogon baki da ke ƙwai a ciki, tsutsarsa fara mai kauri irin gwazarma ta cinye zuciyar bishiyar, kuma tukurwa idon toho ɗaya gare ta. Saboda haka ma masu sale zare daga ɗanyen toho da bai buɗe ba, don saƙar malafa da tabarma, kada su ɗauki biyu a jere daga uwa ɗaya. Da rani ya fi kyau a yi yanka, a zage ganyen, a jera gwangwalar a inuwa bisa wani abu da zai ɗaga ta daga ƙasa har ta yi sauƙi. Wadda aka yi aiki da ita ɗanya tana motsewa, ƙusa ta saki, gado ya fara kuka.

Shuka ta haƙuri take so, ba kuɗi ba. A tsinci 'ya'yan da suka faɗo da kansu, masu ɓawo mai sheƙi jere kamar na kifi. A tara su a inuwa a rufe da ganye har ɓawon da naman rawayan da ke ƙarƙashinsa su yi laushi, a murje, a wanke ƙwallon. Kada a shanya shi a rana kamar gyaɗa, bushewa na kashe shi. A kwantar da shi cikin yashi mai laima, a rufe da ƙasa kaurin yatsa biyu, a riƙa ban ruwa. Yakan ɗauki watanni kafin ya tsiro, kuma ba rana ɗaya duka ke fitowa ba. Nan ne mutane da yawa ke zubar da iri mai rai. In ya yi ganye 3 ko 4 a dasa farkon damina, tazarar mita 4 zuwa 5. A inda ruwa ke kwanciya da zurfi a yi masa ɗan tudu, don uwa na jure ambaliya amma jariri in ya nutse kwanaki sai ya ruɓe. A kuma share masa kewaye kafin hunturu, gobarar daji ba ta barin ƙanana.

Mu ba abokan gabar noman rani ba ne. Sai dai magudanar da aka haƙa daga idon ruwa, da injin ban ruwa da aka dasa a tsakiyar kurmi, suna sauke ruwan ƙasa, laka ta tsage, tukurwa ta bi. Manomin da ke ƙasa da wurin shi zai fara ji, ƙoramarsa ta riƙa ƙafewa tun kafin bazara.

Roƙonmu ga ma'aikatun gandun daji na jihohi da dagatai da masu unguwanni shi ne a shata iyaka kewaye da idon ruwa inda garma ba za ta shiga ba, kuma a kowane kurmi a sa wa wasu uwaye alama da fenti, a ganinmu ɗaya cikin biyar, waɗanda ba mai huda su ko aske su sai sun zubar da 'ya'ya. Cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, wato NIFOR, da ke kusa da birnin Benin, wadda ke da reshen binciken dabino a Dutse, tukurwa ma na cikin aikinta. Jihohin da ke da kurmi su nemi ta horar da ma'aikatan lambun rainon itatuwansu kafin damina mai zuwa.

Wassalam.

Naka,
Wasu malaman gandun daji, Kaduna.