Masu gadin sararin samaniya da makomar NigComSat-1R

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a wannan jarida domin in jawo hankalin masu karatu da hukumomi zuwa ga tarkacen da ɗan'adam ya tara a sararin samaniya tun daga 1957, da kuma taurarin ɗan'adam da aka harba musamman don su sa musu ido.

Haɗarin tarkacen yana cikin gudunsu ne, domin duk abin da ke kewaya duniya a kusa yana tafiyar kimanin kilomita 28,000 a awa guda. A watan Agustan 2016 wani ɗan ɓurɓushi da bai wuce ƙwayar gero ba ya bugi faifan hasken rana na tauraron Sentinel-1A na Turai, ya bar tabo mai faɗin santimita 40. Kafin nan, a Janairun 2007, Chaina ta tarwatsa tsohon tauraronta na hasashen yanayi da makami mai linzami, lamarin da ya haifar da gutsattsari fiye da 3,000, sannan a Fabrairun 2009 tauraron Iridium 33 na Amurka ya yi karo da mataccen tauraron Rasha Kosmos 2251 a saman Saberiya.

Na'urorin rada na ƙasa, irin wadda Amurka ta girke a tsibirin Kwajalein, suna iya bin sawun abin da ke kusa. Amma a nisan kusan kilomita 36,000, inda taurarin sadarwa suke zaune, ƙarfin rada yana raguwa, ita kuwa na'urar hangen nesa sai da dare take aiki, kuma gajimare ko hazo na iya makantar da ita. Wannan ne ya sa aka ɗauke idon aka kai shi sama. Amurka ta harba tauraron sa ido mai suna SBSS a 2010, Kanada kuma ta harba nata mai suna Sapphire a Fabrairun 2013 da rokar Indiya, yana hango abubuwan da ke tsakanin kilomita 6,000 zuwa 40,000 ta hasken rana da ke haskawa a jikinsu, yana auna matsayinsu, domin a gargaɗi masu taurari tun kafin karo ya auku.

A wancan nisa na kusan kilomita 36,000 ne tauraronmu na sadarwa NigComSat-1R yake, wanda aka harba daga Chaina a Disambar 2011 da tanadin aikin shekara 15. Akasarin bayanan da ake kare irinsa da su suna hannun rundunar sojan Amurka ne. Tana raba gargaɗin kyauta, kuma ta cancanci yabo a kan hakan, sai dai hankalina bai kwanta ba a ce lafiyar dukiyar al'umma ta rataya a kan alherin sojan wata ƙasa.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa da ta mara wa yunƙurin musayar bayanan nan a fili baya a kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sararin samaniya da ke zama a Biyana, babban birnin Ostiriya. Haka kuma kamfanin NigComSat ya bayyana wa 'yan ƙasa ko ya keɓe man da za a ɗaga tauraron da shi kimanin kilomita 300 sama da mazauninsa idan aikinsa ya ƙare, kamar yadda ƙa'idar duniya ta tanada.

Naka,
Wani mai karatu daga Kaduna