Gregor Robertson da tsohon alƙawarinsa na gidaje

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ku ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina game da Gregor Robertson, tsohon magajin garin Vancouver, wanda Firaminista Mark Carney ya naɗa ministan gidaje na Kanada a watan Mayun 2025. Ni ɗan haya ne a wannan birni, saboda haka maganar ta shafi aljihuna kai tsaye.

Robertson ya shigo siyasa ne daga kasuwanci, domin yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin ruwan 'ya'yan itace na Happy Planet. A 2005 ya shiga majalisar dokokin lardin British Columbia, a 2008 kuma ya ci zaɓen magajin gari, ya riƙe kujerar shekara goma cur. Babban alƙawarin da ya ɗauka wa jama'a shi ne cewa kafin shekarar 2015 babu wanda zai sake kwana a titi a Vancouver. Wa'adin ya zo ya wuce, kuma ƙidayar 2018, shekarar da ya sauka, ta nuna marasa matsuguni sun haura 2,000, wato sun fi yadda ya same su yawa. A tsawon waɗannan shekaru farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabo, har ma'aikatan da aka haifa a birnin suka riƙa tattara komatsansu suna komawa garuruwan kewaye.

Duk da haka, adalci ya sa in faɗi cewa hannun magajin gari a Kanada gajere ne. Kuɗin shigar birni mafi yawa daga harajin gidaje da filaye suke fitowa, kuma tun 1993 gwamnatin tarayya ta janye daga gina sababbin gidajen masu ƙaramin ƙarfi, ta bar wa larduna da birane nauyin da ya fi ƙarfinsu. Da ɗan ikon da yake da shi Robertson ya sa harajin kashi 1 cikin 100 a kan gidajen da masu su suka kulle babu kowa ciki, wanda ya fara aiki a 2017, kuma ko masu sukarsa da yawa sun yarda cewa matakin ya dawo da wasu gidaje hannun 'yan haya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, uzurin da ya daɗe yana bayarwa, cewa Ottawa, wato gwamnatin tarayya, ta yi watsi da birane, ya ƙare ranar da ya zama Ottawa ɗin da kansa. Gwamnatinsu ta yi alƙawarin ninka ginin gidaje zuwa 500,000 a shekara, ta kuma kafa hukumar Build Canada Homes da jarin dalar Kanada biliyan 13. Amma jim kaɗan bayan rantsar da shi, da 'yan jarida suka tambaye shi ko ya kamata farashin gidaje ya sauko, sai ya ce a'a, ƙarin gini ake buƙata. Wannan amsa ta kwantar da hankalin masu gidaje, mu kuwa 'yan haya ta sanyaya mana gwiwa.

Ina roƙon jaridarku, duk lokacin da ta kawo labarinsa, ta riƙa faɗa mana gida nawa aka kammala aka miƙa makullinsu, da kuma nawa ake biya a wata kafin a shiga.

Naku,
Mai karatu daga Vancouver