Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ɗalibina: Palmer, Schumpeter da ciwon bayan Baba

Assalamu alaikum. Ranar da na gabatar da maƙala kan masanin tattalin arziki Joseph Schumpeter, ka miƙe a gaban jama'a ka ce mahaifinka na fama da ciwon baya, kana tunanin kai shi wurin masu kairofraktik, masu danna ƙashin baya da hannu. Sai ka tambaya: tunda sana'ar ta haura shekara ɗari tana cin kasuwa, a ma'aunin Schumpeter wannan bai isa shaidar tana warkarwa ba? Lokaci ya ƙure mana, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bai isa ba, ɗana. Amma tambayar ta yi mini daɗi, don ta taɓo inda masu karanta Schumpeter ke yawan zamewa.

Daniel David Palmer, wanda ya ƙirƙiro sana'ar kairofraktik, ɗan Kanada ne, an haife shi a 1845, ya zauna a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka yana ba da magani da abin da suke kira ƙarfin maganaɗisu. A 1895 ya kwantar da Harvey Lillard, mai kula da ginin da ofishinsa yake, wanda kunnensa ya daɗe da yin nauyi, ya danna masa wani ƙashi a baya, ya ce mutumin ya koma ji. Daga nan ya gina aƙidar cewa kashi 95 cikin ɗari na cututtuka gocewar ƙashin baya ke kawo su. Jijiyar ji kuwa a cikin ƙoƙon kai take, ba ta bi ta gadon baya. Ya buɗe makaranta a 1897, aka ɗaure shi a 1906 kan yin aikin likita ba lasisi, ya rasu a 1913.

Wanda ya ɗaukaka sana'ar ɗansa ne, B.J. Palmer. Shi ya karɓi makarantar, ya shigo da na'urar hoton ƙashi a 1910, ya sayi gidan rediyon WOC a 1922 yana tallar makarantarsa dare da rana. A gidan rediyon nan Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya fara aikin sharhin wasanni. Ɗalibai suka yi ta kwarara, kowa ya gama ya koma garinsu ya kafa allo.

To ga inda Schumpeter ya shigo. A littafinsa na 1911 ya raba mai gano abu da mai kai shi kasuwa, ya ce na biyun ne ke motsa tattalin arziki: wanda ya kawo sabuwar haja, ko sabuwar hanyar aiki, ko ya buɗo kasuwar da babu ita a da. B.J. ya cika wannan siffa tsaf. Ma'aunin Schumpeter yana gaya maka yadda abu ya yaɗu da wanda ya ture a hanya. Ko majinyaci ya tashi ko bai tashi ba, ba a nan ake auna shi ba. Shi kansa Schumpeter ya ɗanɗani kasuwa: ya riƙe ministan kuɗin Austriya a 1919, bankin da ya shugabanta ya durƙushe a 1924, ya shafe shekaru yana biyan bashi kafin ya koma jami'ar Harvard ta Amurka a 1932. Ina girmama shi ƙwarai, shi ya sa ba na son a ɗora masa maganar da bai yi ba.

Ba zan zalunci masu sana'ar ba. An tsangwame su, har wata kotun tarayya a 1987 ta samu ƙungiyar likitocin Amurka da laifin haɗa baki don karya su. Bincike kuma ya nuna dannar tana ɗan rage ciwon ƙugu, gwargwadon yadda motsa jiki da gashin ƙashi ke yi. Iyakarta ke nan. Ba ta maganin asma ko hawan jini, kuma murɗa wuya, ko da yake ba kasafai ba, an danganta shi da tsagewar jijiyar jini da shanyewar ɓarin jiki.

Ina yaro na ga maɗori ya ɗora hannun ƙanena. Ya shafa, ya ja, ya jera karare ya ɗaure da tsumma, yaron na ihu, kakarmu na riƙe da kansa. Hannun ya haɗu. Amma tsohon nan bai taɓa cewa ɗori na maganin zazzaɓi ba, kuma wannan sanin iyaka ne Palmer ya rasa.

Game da Baba, ka fara kai shi asibiti a duba shi, a yi hoto in likita ya ga dama, don ƙashin dattijo kan yi rauni. In ƙafarsa na sanyi ko fitsari na kufce masa, kada ka kwana. Kada kuma ka bari kowa ya murɗa masa wuya.

Ka gaishe mini da shi. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne.

Malaminka.