Tsakanin tofi da Dawanau, ina talaka zai kai ɗansa?

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridar nan taku mai farin jini in faɗi abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni malamin sakandare ne a nan Kano, shekarata 17 da alli a hannu, amma ba aikin ne ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan ba, abin da ya faru a gidanmu ne.

'Yar yayata ce, tana aji biyu a jami'a, yarinya mai ƙoƙari wadda tun tana firamare ba ta wuce na uku. Yajin aikin ASUU na 2022 ya zaunar da su wata takwas a gida, suna komawa ba a jima ba aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin rijista ya tashi, kasuwar babanta ta karye, sai ya zama kullum in ta fito daga gida lissafin kuɗin adaidaita take yi ba lissafin lakca ba. A hankali ta daina cin abinci, ta daina barci, ta daina kula ƙawaye, sai ta shige ɗaki ta rufe ta yi ta kuka ba dalili, semista ɗaya ta kwaso keri-oba uku. Mu a gida me muka ce? Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce aljani ne ya aure ta, wata gwaggonmu ta ce a yi mata aure kawai duk za ta ware. An yi rukiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu. A kilinik ɗin makaranta sau biyu ana ba ta maganin maleriya da taifot. Wallahi sai ranar da ƙanwarta ta ga wani saƙo a wayarta tana cewa ta gaji da duniya, sannan hankalinmu ya tashi da gaske.

Da muka samu ganin likitan ƙwaƙwalwa a wani asibitin gwamnati ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta magani, ya kuma ce magani kaɗai ba zai isa ba, tana buƙatar wanda za ta riƙa zama da shi duk sati suna magana. To a nan gizo ke saƙar. A asibitin gwamnatin layi ba zai zo kanta ba sai bayan wata biyu, a wani wuri mai zaman kansa kuma aka ce min naira dubu 25 zama ɗaya, kuma aƙalla zama shida. Ka lissafa da albashin malamin makaranta mai iyali. Na tsaya a bakin ƙofar wurin na rasa ta inda zan fara gaya wa uwarta.

Ban ga laifin likitocin ba fa. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 amma likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, kuma kullum wasu na haɗa kaya suna tafiya Ingila da Saudiyya, ya za su yi? Manyan asibitocin da muke da su a arewa ana iya ƙirga su da yatsu, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri, sai Dawanau a nan Kano. Mutumin ƙauye kafin ya kai can kuɗin mota ya cinye kuɗin magani. Sannan ga sunan, ai mu nan in ana so a zagi mutum cewa ake a kai shi Dawanau. Yayata cewa ta yi in aka ji an kai 'yarta can wa zai aure ta, kuma gaskiya ban iya ce mata ƙarya take ba don na san mutanenmu.

Abin da nake so masu karatu su duba shi ne, mu matakai biyu kawai muka sani, ko dai malam ya yi tofi a gida, ko kuma sai mutum ya fara fisge-fisge a ɗaure shi a kai asibiti. Tsakiyar babu kowa. Kuma yawancin yaranmu a tsakiyar suke, ba hauka suke ba, damuwa ce da fargaba da yawan tunani. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kusan rabin irin waɗannan larurori kafin shekara 14 suke farawa, wato suna gabana a aji kenan ina kallon su ina cewa sangarta ce. Wanda bai samu mai saurarensa ba sai ya samu mai sayar masa da ƙwaya, kun dai tuna yadda kodin ya yi mana ɓarna har sai da gwamnati ta hana shi a 2018, kuma binciken da aka yi a wancan lokacin ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a ƙasar nan. Iyaye in sun rasa yadda za su yi sai gidan mari, mun ga abin da aka bankaɗo a Rigasa a 2019, mutane sama da 300 wasu da sarƙa a ƙafa. Ballantana yaran da aka sace daga makaranta a Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga, an dawo da su an ɗauki hoto, to wa ke zama da su yanzu in sun firgita cikin dare?

Ni ban ce a bar addu'a ba, Allah ya kiyaye, da ita muka tsira. Amma wanda ya karye ma ana yi masa addu'a kuma ana kai shi wurin mai ɗori.

Doka kam akwai. A Janairun 2023 marigayi Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 da ke ɗaukar mara lafiya kamar mai laifi. Sai dai mu a unguwa ba mu gan ta a ƙasa ba. Haka tsarin ilimi ya daɗe da cewa kowace sakandare ta samu malamin ba da shawara, amma a makarantu da yawa da na sani suna ne kawai a jikin ƙofa, malamin yana can yana koyar da aji shida, ofishin kuma an mayar da shi sito. Ga sashe na 231 na dokar laifuka ta Penal Code da ya tanadi ɗauri har na shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, to wace uwa ce za ta fito ta faɗa?

Abin da ya ceci yarinyarmu bayan ikon Allah da maganin likita, wata tsohuwar nas ce mai ritaya a layinmu. Duk Laraba bayan la'asar take zama da ita a tsakar gida, ba wa'azi ba faɗa, tambaya kawai da sauraro, yau me ya fi damun ki, cikin ukun nan wanne za mu iya taɓawa a satin nan. Daga baya ma uwar ta fi 'yar zuwa, ashe ita ma tana ɗauke da nata. Sai na tuna abin da wani likita Dixon Chibanda ya fara a Harare ta Zimbabuwe wajen 2006, ya koya wa kakanni mata yadda ake irin wannan zama, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, zama shida kyauta, kuma da aka gwada aka ga yana aiki. Ciwon ma a yarensu sunansa yawan tunani, kamar dai yadda muke faɗa. A nan gida ma wani likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Lambo ya yi makamancin haka a Aro ta Abekuta tun 1954, marasa lafiya na zaune a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu ana yi musu magani.

To mu me muka rasa? Muna da nas-nas masu ritaya, da ungozomomi, da malaman Islamiyya mata da mutane suka yarda da su, ga asibitin sha-ka-tafi kusan a kowace mazaɓa. Roƙona ga ma'aikatar lafiya da ta ilimi su ɗauki irin waɗannan mutane a ba su horo na 'yan makonni, a ɗan riƙa ba su alawus, a haɗa su da likita ɗaya da za su kira in abu ya fi ƙarfinsu, kuma a yi shi da Hausa, don mutum ba ya iya kuka da Turanci. Jami'o'i da kwalejoji kuma, tunda kowane ɗalibi yana biyan kuɗin lafiya a cikin rijista, a ware wani abu daga ciki a ajiye mai ba da shawara na gaske a kilinik, mace ga mata, ƙofar kuma kada ta zama a inda kowa zai ga wanda ya shiga. Limamanmu don Allah ko huɗuba ɗaya a yi a kai, a gaya wa mutane ciwon damuwa ba raunin imani ba ne.

Yarinyar ta koma makaranta, ta gyara biyu cikin kwas ukun, har yanzu tana shan magani kuma har yanzu tana zuwa zaman Laraba. A ajina na SS2 kuwa yanzu haka akwai wani yaro da ya yi sati uku bai ce uffan ba, yana zama a can baya ya kifa kai a tebur, na je gidansu baban ya ce min iskanci ne zai daina, ni kuma wallahi ban san inda zan tura shi ba.

Naku,
wani malamin sakandare daga Kano.