Narkakken ƙarfe da silifas a Sharaɗa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya sami ƙanena a wani kamfanin narka ƙarfe da ke Sharaɗa a daminar bana.

An kwana ana ruwa. Gwangwanaye da tsofaffin tukwanen da 'yan gwangwan suka kawo duk a waje suka kwana, suka jiƙe sharkaf. Da safe aka ce a zuba su a wuta haka nan, wai masu kaya na jira. Ni ma na yi aikin zubin ƙarfe, na san abin da ke biyo baya. Alminiyam ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 660, ruwa kuwa da ya shige ƙarƙashinsa sai ya zama tururi nan take, ya kumbura fiye da ninki dubu, ya watso narkakken ƙarfen sama. Haka aka yi. Silifas ne a ƙafar yaron, rigarsa kuma irin ta 'yan ƙwallo ce, ta narke ta manne masa a ƙirji.

Abokan aikinsa, Allah Ya saka musu da niyyarsu, suka lafta masa man goge baki da ɗanyen ƙwai. A asibiti sai da aka wanke wannan duka kafin a ga ciwon, yana ihu ina riƙe da kafaɗunsa. Ma'aikaciyar jinya ta ce da famfo kawai suka sakar masa na minti 20, da ƙunar ba ta ci ciki haka ba.

Manaja ya zo dubiya sau ɗaya, ya ce ƙaddara ce, ya ajiye abin da bai isa kuɗin bandeji na mako guda ba. Na yi imani da ƙaddara, amma wa ya bar kayan a ruwa? Wa ya hana takalmin aiki?

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, saboda irin wannan rana. Ƙanena shekara uku yana karɓar kuɗinsa a hannu kullum yamma, sunansa ba ya cikin kowace takarda.

Roƙona ga masu duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago, su shiga Sharaɗa da Bompai da Chalawa ba tare da sanarwa ba, su fara da kallon ƙafafun masu tsayawa bakin wuta. Jiya likita ya ce sai an yanko fata daga cinyarsa an dasa a ƙafar.

Naku,
Tsohon ma'aikacin zubi,
Ja'en, Kano.