Kafin ka aika samfurin karyar nan ɗakin gwaji

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara baki ɗaya. Mu ma nan lafiya lau, sai kewarku. Saƙonka ya iso tare da hoton karyar da kuka ɗauko daga gidan kula da dabbobin da aka yasar. Ka tambaye ni ko ya dace a yi mata gwajin ƙwayoyin halitta, tunda yara sun matsa sai sun san ko wace iri ce. A yi mata, Bashir. Sai dai abin da ya sa na ce a yi daban yake da na yara, kuma abin yana raina ƙwarai.

Ɗaukar samfurin ba wuya. Kamfanin da ke yin gwajin zai aiko maka da tsinke mai auduga a kai. Ka hana ta cin komai na rabin awa, kada kuma ta lashi kwanon wani kare ko ta tauna abin wasansa, don yawun wani yana iya rikita sakamakon. Sai ka ɗaga leɓenta, ka sa audugar tsakanin kunci da dasashi, ka yi ta murzawa kusan minti ɗaya. Za ta nemi tauna tsinken, sai ka tallafe haɓarta a hankali kana yi mata magana. Ƙwayoyin fatar cikin kunci da ke mannewa a audugar su ake bukata. Bayan 'yan makonni sakamako zai zo maka ta intanet.

Kare yana da zaren gado 78, rabi daga uwa rabi daga uba, mu kuwa 46 gare mu. A shekarar 2005 masana a cibiyar Broad ta Amurka suka fitar da cikakken tsarin ƙwayoyin halittar kare, wanda suka karanta daga wata karya jinsin Boxer mai suna Tasha. Kamfanoni irin su Embark da Wisdom Panel ba sa karanta tsarin gaba ɗaya. Suna duba dubban wuraren da aka san karnuka sun sha bamban a kansu, su gwada da na karnukan da ke rumbunsu waɗanda aka tabbatar da asalinsu. Saboda haka kason da za ka gani ƙiyasi ne. Abin da ya zo daga iyaye da kakanni yakan fito daidai, amma in ka ga an ce kashi 4 ko 5 cikin ɗari na wani jinsi, kada ka ɗora komai a kai, wani kamfanin yana iya ba shi wani suna. Doguwar fuskarta da ta sa yara ke cewa Collie ce ma ba hujja ba ce, kama da wane ba wane ba ne.

Yawancin jinsunan da ake ji da su ba su wuce shekara 200 ba, ƙungiyar rajistar karnuka ta Ingila ma a 1873 aka kafa ta. Mafi yawan karnukan duniya ba su taɓa bi ta wannan rajista ba. Da yawa daga karnukan ƙauyukan Afirka da Asiya suna da nasu tsohon asali, ba gaurayen jinsunan Turai ba ne. In sakamako ya ce tana da jinin karen ƙauye, wannan ma cikakkiyar amsa ce.

Roƙona na farko, kada sunan jinsi ya canza yadda kuke kallonta. A 2022 mujallar Science ta buga binciken su Kathleen Morrill da Elinor Karlsson a kan karnuka sama da 18,000, inda suka gano jinsi yana bayyana kusan kashi 9 cikin ɗari ne kacal na bambancin hali tsakanin kare da kare. Karyar da ka ce tana kwanciya a ƙafar autarku, ita ce dai za ta kwana a gidanku ranar da sakamako ya fito, ko da takarda ta ambaci jinsin da mutane ke tsoro.

Shafin lafiya shi ne ya sa na ce a yi gwajin, musamman layin da aka rubuta MDR1. Wannan ƙwayar gado tana yin wani sinadari da ke aiki kamar mai gadi a ƙofar ƙwaƙwalwa, yana mayar da wasu magunguna cikin jini kafin su taru a ciki. A 2001 Katrina Mealey ta Jami'ar Jihar Washington ta gano cewa a wasu karnuka ƙwayar ta samu tawaya. Kusan uku cikin huɗu na Collie suna ɗauke da ita, haka kusan rabin Australian Shepherd, kuma tana bin jini zuwa gaurayensu. Irin wannan kare in ya sha maganin tsutsa aibamektin mai yawa, kamar wanda ake ba da shi don ƙazuwa, ko na shanu da dawaki, sai ka ga yawu na dalala, yana tangaɗi, baƙin idonsa ya buɗe, jiki na karkarwa, wani ya daina gani, wani ya suma. Ko kashin dokin da aka ba maganin tsutsa ya ci yana iya jawo haka. Ɗan ƙaramin adadin da ke cikin maganin rigakafin tsutsar zuciya na wata-wata ba ya cutarwa. Loferamaid, maganin tsayar da gudawa na mutane, shi ma yana cikin masu haɗari gare su. Sanin wannan layi ɗaya yana iya ceton ranta, shi ya sa na damu.

Sauran cututtukan za ka ga an kasa su uku: ba ta da ƙwayar, tana ɗauke da guda ɗaya, ko tana da biyu. A yawancinsu, kamar makantar da ke zuwa sannu a hankali ga Labrador da Poodle, mai guda ɗaya lafiyarta ƙalau. Matsalar sai in an haɗa ta da namiji mai ɗauke da irinta, a nan kowane kwikwiyo yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya gaji biyu. Tunda ka ce an yi mata aikin hana haihuwa, wannan bai shafe ku ba.

Roƙona na biyu ya fi nauyi. Ko ka ga biyu, kada hankalinka ya tashi. Akwai ƙwayar SOD1 da aka danganta a 2009 da wani ciwon laka mai shanye ƙafafun baya a tsufa, amma karnuka da yawa masu biyu suna tsufa su mutu ciwon bai taɓa su ba. A 2018 wasu masana uku suka rubuta a mujallar Nature labarin wata karya jinsin Pug mai shekara 13 da tafiya ta fara yi wa wuya. Masu ita suka yi mata gwaji, suka ga wannan ƙwaya, suka sa aka yi mata allurar mutuwa, alhali alamun nata suna iya zama na wani ciwon baya da ake iya magancewa. Labarin nan yana ci mini rai har yau. Gwajin yana faɗin abin da ta gada ne kawai, abin da ke damunta kuwa sai likita ya duba ta da hannunsa. Kuma in shafin ya fito tas, ba yana nufin ta tsira daga ciwon ƙugu ko daji ba, don waɗannan ƙwayoyi da yawa ne ke haɗuwa su jawo su, tare da nauyin jiki da shekaru.

In sakamakon ya zo, ka kai wa likitan dabbobinku shafin lafiya ya sa a fayil ɗinta, ni ma ka turo mini in duba. Kafin nan kada a ba ta wani maganin tsutsa ko na gudawa sai wanda likita ya rubuta.

Ka gaishe mini da uwargida da yara, ka ce musu ina jiran jin sunan da suka raɗa mata. Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Kabiru