Gwamnati ta ware wa jami'o'inmu kuɗin binciken asalin yuraniyom

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in yi kira ga mahukunta a Yamai kan wani fannin bincike da ya kamata a zuba wa kuɗi tun yanzu, wato ilimin gano inda yuraniyom ya fito.

Tun 1971 ake haƙar wannan ma'adini a Arlit. A watan Yunin 2025 ƙasa ta karɓe kamfanin haƙar yuraniyom na SOMAÏR daga hannun kamfanin Orano na Faransa. Wanda ya karɓi dukiya kuwa ya karɓi amanarta, duk tambayar da duniya za ta yi, mu za a yi wa.

Manyanmu ba su manta da 2003 ba, lokacin da aka ce Iraƙi ta nemi yuraniyom a Nijar, har aka sa zancen cikin hujjojin yaƙi. Sai a watan Maris na shekarar shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya (IAEA), Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun da aka kafa hujja da su na jabu ne. Wancan karon takarda aka ƙirƙira. In gobe aka kama ganga cike da garin yuraniyom mai launin rawaya a wata iyaka aka ce namu ne, wa zai auna ya wanke mu?

Ilimin yana nan. Garin yuraniyom na kowace mahaƙa yana ɗauke da shaidarsa, kamar yadda zanen fuska yake nuna garin mutum. Ɓurɓushin dalma da sauran ƙarafan da ke cakuɗe da shi sun bambanta daga rami zuwa rami, kuma gwargwadon sinadarin toriyom da ya taru a ciki yana nuna lokacin da aka tace shi. Shi ya sa IAEA take shawartar ƙasashe su tanadi kundin samfurin nasu. Aikin yana son na'urori masu tsada, da wutar da ba ta yankewa, da ɗaliban da za a riƙe shekara da shekaru har su ƙware. Tallafin shekara guda ba ya yin wannan.

Akwai tushe. Jami'ar Abdu Mumuni tana da cibiyar IRI mai nazarin sinadarai masu fitar da tururin nukiliya. A ƙarfafa ta, a kuma ba Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram kasonta na horar da ɗalibai. 'Ya'yanmu da yawa sun bi hanyar Tanut zuwa Agadas sun yi aiki a Arlit da Akokan, wasu sun dawo gida da tari bayan rufe mahaƙar kamfanin COMINAK a 2021. Irin na'urorin nan za su auna ruwa da ƙurar garuruwan, aikin da ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta taso daga waje ta yi a 2009 da taimakon ɗakin gwaji na CRIIRAD na Faransa.

Ina kira ga ma'aikatar ilimi mai zurfi da hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa (HANEA) su yanke kaso tsayayye daga kuɗin cinikin yuraniyom, a rubuta shi cikin kasafin kuɗi na baɗi.

Naku,
Wani malamin kimiyya,
Unguwar Birni, Damagaram